Feshin Sauro a Falon Daeng Ngalle

Mijina Daeng Ngalle ya yi zaman gidan yari tun kafin in aure shi, saboda ya farke wa wani ciki a tashar jiragen ruwa ta Makassar. Kowa a unguwarmu ya san da wannan, mahaifina ma ko abincin bikinmu bai taɓa ba. Amma mutumin da ni na zauna da shi, da sassafe za ka tarar da shi tsugune gaban tankin gilas da 'yar kwalba a hannu, yana ɗiga magani ɗigo-ɗigo yana jiran ruwan ya canza launi.

Bayan fitowarsa ya samu aikin dako a wani kamfani mai fitar da kifin ado zuwa waje. A can ya fara tsintar guntayen murjani mai rai, irin na ƙarƙashin teku, da suka karye wajen lodi, yana kawowa gida a leda. Na farkon duk sun mutu, na biyun ma haka. Sai da ya sha wahala sosai kafin ya gane cewa sai ruwan ya zauna daidai murjani zai yarda ya rayu. Daga nan abin ya kama shi. Shekara goma sha ɗaya yana yi, har tankin ƙarshe ya cinye bango guda na falonmu, tsawonsa ya fi mutum a kwance. A ciki akwai rassa shuɗaye kamar ƙahon barewa, da wasu koraye shimfiɗe kamar faranti, ga ƙananan kifi da jajayen jatan lande suna yawo a tsakani.

Kullum sai ya auna. In ruwa ya ƙafe, gishiri ya yi yawa, sai ya ƙara tataccen ruwa a hankali. Murjani yana shanye alli daga ruwan yana gina ƙashinsa, sai a mayar masa da shi, da ɗan garin soda don kada ruwan ya yi tsami. Ba a zuba komai da yawa lokaci ɗaya. A bayan gida yana da durom biyu shuɗaye masu murfi, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na ruwan gishirin da ya haɗa ya ajiye domin sauyi.

"Daeng, kofinka ya huce," nakan ce masa, don Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu.

"Bari launin ya juya."

"Ni dai ba a taɓa auna ni an ga ko gishirina ya yi ba."

"Ke naki ai ya wuce awo, Ramlah. Kwalbar ma fashewa za ta yi."

Tun da na san shi ban ga ya ɗaga wa kowa hannu ba. In aka ɓata masa rai a waje, ya dawo ya zauna gaban gilashin nan har numfashinsa ya sauka.

A daminar bara zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, ya shigo layinmu. Yara biyu aka kwantar a asibiti. Ta ukun ita ce Cenning, 'yar Rurung mai walda, wanda gidansa ke kallon namu. Ran Juma'a tana wasa a ƙofar gida, ran Litinin jini yana fita ta hancinta da dasashinta, kafin azahar ta cika. Ita kaɗai suka haifa shi da matarsa Kebo. Mun je jana'iza, Ngalle har yana cikin masu ɗaukar makara.

Washegari magana ta fara yawo cewa durom ɗin bayan gidanmu ne ke ƙyanƙyashe sauron. Ban san wanda ya fara ta ba. Mai unguwarmu, Haji Sikki, ya zo da kansa, Ngalle ya kai shi baya ya buɗe masa murfin ya nuna masa famfon da ke juya ruwan dare da rana.

"Haji, duba da idonka. Wane sauro ne zai yi ƙwai a nan?"

"Na gani, Daeng. Amma mutane sun tsorata. Ran Asabar za a kawo injin feshi, gida-gida za a bi."

"A yi, har nawa. Abu ɗaya nake roƙo, a faɗa mini kafin a zo. Injin kumfar tankin nan iskar ɗaki yake zuƙa yana hurawa cikin ruwan. Abin da zai kashe sauro zai kashe duk abin da ke ciki. In na sani, na kashe shi, na rufe tankin, na liƙe tagogi."

Haji ya ce babu damuwa, Asabar da safe.

Ran Alhamis injin ya zo. Daga baya na ji cewa unguwar da za ta yi amfani da shi ranar ce ta fasa, sai aka turo mana. Ngalle yana wurin aiki. Ina wanki na ji ƙarar injin kamar babur mara salansa, na fito na ga Rurung ya ƙwace shi daga hannun mai feshin ya rataya a kafaɗa. Idanunsa jajur, kana gani ka san bai yi barci ba tun ran Litinin. Ƙanensa Tompo na biye da shi. Ba su fara daga bakin layi ba, gidanmu suka nufo kai tsaye.

Na tsaya a ƙofa na ce, "Daeng Rurung, don Allah ka dakata, in kashe injin kumfa in rufe tankin. Ba zan daɗe ba."

"Matsa."

"An ce sai Asabar. Ka tambayi Haji."

"'Yata an dakata mata? Kifin fursuna ya fi 'yata ne?"

Tompo ya ce, "Yaya, bar ta ta rufe mana." Rurung ko kallonsa bai yi ba. Ya sa gwiwar hannu ya ture ni, na yi gefe, goshina ya daki ƙarfen ƙofa. Kafin in tashi ya shige falo. Hayaƙi fari ya cika ɗakin, ba na ko ganin hannuna. Na bi da rarrafe ina tari, ina laluben wayar injin kumfa a bango. Na fizge ta, amma ta cikin hayaƙin na hango shi tsaye a kan tankin, ya karkata bakin bututun yana feshi a saman ruwan, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da ya gama ya fita ta baya. Na ji faɗuwar durom na farko, sannan na biyu.

Na kira Ngalle a waya. Kafin ya iso na wanke goshina, na ɗaure da tsumma, na ja ɗankwali har girata. Na san wanda na aura.

Ya shigo ko takalmi bai cire ba. Saman ruwan ya yi maiƙo kamar an zuba kananzir. Jatan lande duk sun kife a kan yashi, kifaye suna juyi suna dukan gilas.

"Kin cire injin kumfa?"

"Na cire. Amma a kan ruwan ya fesa, Daeng."

"Wa?"

"Rurung."

Ya juyo ya ce, "Kawo tsofaffin jaridu, da duk safar da ke gidan nan."

Muka riƙa shimfiɗa jarida a saman ruwan muna ɗauke maiƙon. Ya cika safa da gawayin tace ruwa ya cusa a bakin kowane famfo. Sai ya zagaya baya don ɗebo ruwan sauyi, ya tarar da durom biyu a kife, ruwan da ya ajiye ya bi kwata. Na ga ya tsaya yana kallonsu, jijiyar wuyansa tana motsi. Na'urar tace ruwansa ɗigo-ɗigo take bayarwa, sai ta kwana kafin ta cika bokiti biyu. Ya hau babur ya bi shaguna yana kwaso manyan gorunan ruwan sha, ya yi ta sawu yana juyewa a bahon wanka, ni kuma ina dama gishiri da muciya.

"Ba haka ake yi ba," ya ce yana leƙa ɗan madubin awon gishiri. "Sai ya kwana ya kwanta. Ɗanye haka ƙona su zai yi."

"To mu jira?"

"Ba za su kai ba."

Muka zuƙe rabin tankin muka zuba sabo. Muka sake. Ya kasa ƙirga ɗigon maganin awo daidai, ya zubar ya sake, ya sake zubarwa. Kifin da ya fi daɗewa a wurinmu, wani shuɗi mai wutsiya rawaya, ya kwanta a gefe yana buɗe baki. Bayan azahar murjanin suka fara sakin yauƙi, naman jikinsu yana saɓulewa kamar fatar da aka zuba wa tafasasshen ruwa, farin ƙashi yana bayyana daga tushe yana hawa. Abin da ya mutu yana ƙara ɓata ruwan, ruwan yana ƙara kashe na kusa da shi. Ya zama kamar ruwan shinkafa, falon ya ɗauki wari. Ngalle ya sa filaya ya riƙa karyo kan rassan da ke da sauran launi yana jefawa a wata roba mai sabon ruwa. Ba su cika tafin hannu biyu ba.

Ana kiran la'asar ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. A lokacin ne ya ɗago ya dube ni, karon farko tun da ya shigo. Gumi ya jiƙa tsumman, jini ya ɓullo ta ɗankwalin ban sani ba.

"Mene ne wannan?"

"Zamewa na yi."

Ya tashi ya zo ya janye ɗankwalin a hankali. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Daeng, 'yarsa ce ta mutu. Ba ya cikin hankalinsa. Ka dubi Allah."

Ya mayar mini da ɗankwalin ya gyara shi, ya juya ya fita. Na riƙe rigarsa, ta yage a hannuna.

Rumfar makokin tana nan a ƙofar gidan Rurung, maza zaune a kujerun roba ana karatu. Ngalle ya ratsa tsakiyarsu. Rurung ya miƙe yana cewa, "Ka zo ta'aziyyar kifinka ne?" Bai rufe baki ba Ngalle ya cafki gashinsa ya buga fuskarsa a kan teburin ƙarfen da yake walda. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya ɗago shi ya sake bugawa, haƙora suka zubo a kan teburin. Kujeru suka kife, farantan abinci suka tarwatse. Haji Sikki ya rungumo shi ta baya yana salati, Ngalle ya kaɗa gwiwar hannu ba tare da ya waiwaya ba, dattijon ya faɗi a cikin kwata, hularsa a gefe. Rurung yana ƙasa, Ngalle ya sa gwiwa a ƙirjinsa yana zuba masa naushi, ba ya magana, ba ya ihu, sai huci. Kebo ta fito daga cikin gida da hoton 'yarta a ƙirji, ta ƙwalla ƙarar da ban taɓa jin irinta ba. Ita ce ta tsayar da shi. Ya dube ta, ya dubi hannunsa, ya tashi ya koma gida. Babu wanda ya tare shi.

Na same shi yana wanke hannu da kyau har gwiwa, don kada jini ya shiga robar. Ya tsuguna yana jona mata ƙaramin famfo.

"Tafi gidan yayarki, Ramlah."

"Mu tafi tare."

"Ruwan nan sai an duba shi kafin magariba."

"Za su zo, Daeng!"

"Na sani. Shi ya sa na ce ki tafi."

Ban tafi ba. Na sa sakata, na jawo kabad na tokare ƙofar. Ba a jima ba layin ya cika da hayaniya, dutse ya fasa tagar gaba, wani ya biyo. Ana cewa a fito da fursuna, a ƙona gidan. Ƙofar ta baya suka ɓalle. Mutum biyu ne kawai suka shigo, sauran suka tsaya a waje suna zuga. Rurung ne a gaba, fuskarsa ta kumbura ba a gane shi, da badik tsirara a hannu, wuƙar nan da mazan garinmu ke ɓoyewa a ƙugu. Tompo na bayansa da sandar ƙarfe.

Ngalle ya miƙe ya tura robar ƙarƙashin tebur da ƙafa. "Tompo, kai ba ruwanka. Fita."

"Ka fasa wa yayana baki a makokin 'yarsa, ka ce ba ruwana?"

Rurung ya kawo sara, Ngalle ya tare da kujera, wuƙar ta kafe a katako. Suka rungumi juna suka daki kabad, kwanonin aurena suka zubo a kansu. Tompo ya sauke sandar a kafaɗar Ngalle, na ji ƙashi ya amsa. Na ɗauki muciya na maka wa Tompo a ƙeya, ya juyo ya haure ni a ciki na zube. Ngalle ya yi kansa da hannu ɗaya. Tompo ya ɗaga sandar da hannu biyu ya kawo duka da dukan ƙarfinsa, Ngalle ya sunkuya, ƙarfen ya sauka a tsakiyar gilashin gaban tankin.

Da farko tsagewa kawai ya yi, layi ɗaya daga sama har ƙasa. Duk muka tsaya. Sai ya buɗe gaba ɗaya. Ruwan ya fito kamar bango, da duwatsu da yashi da matattun kifi, ya kwashe su ukun ya watsa a ƙasa. Fitilun tankin suka faɗo suna tartsatsi. Na yi rarrafe a cikin ruwan na kai hannu na kashe wutar gidan daga babban makunni.

Da na juyo, Tompo ne ke ihu. Wani ɓallin gilas mai faɗin tire ya yanke masa cinya, jini yana tsartuwa har bango. Rurung yana durƙushe a gefe, badik ɗin a hannunsa, ya daskare yana kallon ƙanensa. Ngalle ne ya ja jiki ya isa wurin. Ya fizgo tiyon da muka wuni muna zuƙar ruwa da shi, ya naɗa a saman cinyar, ya kama ɓari ɗaya da haƙori saboda hannun hagunsa ba ya ɗaguwa.

"Rurung! Ajiye wannan ka zo ka ja, ɗan banza! Ƙanenka zai mutu!"

Rurung ya saki wuƙar ya zo ya kama. Suka ja tare, Ngalle ya zura muciyata a ƙullin ya murɗa har tsartuwar ta tsaya. Ya ce wa na waje su nemo mota. Waɗanda ɗazu suke cewa a ƙona gidan su ne suka shigo suna taka gilas suka ɗauki Tompo.

Ngalle ya koma ya jingina da ƙafar tankin. Na ɗauka gajiya ce da zafin kafaɗa. Sai na lura ruwan da ke kewaye da shi ya fi na ko'ina ja. Na ɗaga rigarsa na ga ramin a ƙarƙashin haƙarƙari, ɗan ƙarami, ko yatsa biyu ba zai shiga ba. Har yau ban san lokacin da aka soke shi ba, ko kafin gilashin ya fashe ne ko a cikin ruwan. Rurung ma a kotu ya ce bai sani ba.

"Daeng, an soke ka."

"Na ji tun ɗazu," ya ce. "Haji fa? Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Ki ba shi haƙuri. Ban san shi ba ne."

Motar ta riga ta tafi da Tompo. A keke mai ƙafa uku muka sa shi, kansa a cinyata, ga cunkoson yamma, ga ruwan sama ya tsuge. Direban yana ta hon yana zagin mutane. Ngalle ya ce yana jin sanyi, na lulluɓe shi da ɗankwalina. Muna hango ƙofar asibitin na ji ya yi nauyi.

Tompo ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa ba, da sanda yake tafiya. Rurung yana gidan yari. Masu duba unguwa da suka zo daga baya sun samu tsutsar sauron a tsofaffin tayoyin da ke jibge a wani kangon fili a ƙarshen layi. Babu wanda ya zo ya faɗa mini, a bakin mai kayan miya na ji.

Bayan an binne Ngalle na kasa shiga falon. Yashi ya bushe a ƙasa da jini da gutsattsarin gilas, ƙafafun tankin sun fara tsatsa, warin ya kai har titi. 'Yan'uwana suka ce a ɗauko masu shara a biya su. Ana cikin wannan magana da hantsi Kebo ta tsallako titi da tsintsiya da bokiti. Yayata ta miƙe za ta tare ta, na ce ta bari. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban gaishe ta ba. Ta fara daga bakin ƙofa, na ɗauko tawa tsintsiyar na fara daga bangon da tankin yake. Gilas ya yanke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Sai da aka kusa la'asar muka gama. Ta wanke bokitinta a famfon waje, ta tambaye ni ko ina da wanda zai kwana da ni, na ce yayata tana nan. Ta gyaɗa kai ta koma gidanta.

Ban ƙara wata biyu a unguwar ba na koma Maros wurin dangina. Na ji an ce Kebo ma ta tashi, amma ban san inda ta nufa ba.